Ƙashin Goronyo: Kada ne ko Damon Teku?

Mu mutanen Zugu, in aka ce tono, zinariya ke fara zo mana a rai, don duwatsun Anka tsofaffi ne masu tauri, ba sa ajiye ƙashi. Amma ka yi arewa zuwa Wurno da Goronyo, sai ƙasa ta sauya ta koma laka da farar ƙasa, ragowar wani teku da ya malale wurin fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce. A nan aka tsinci wasu ƙasusuwa da suka zama dutse. To, na wace dabba ne?

Wanda ya fara ba su suna shi ne William Swinton, a Landan, cikin 1930. Gutsattsari kawai ya samu, galibi na gadon baya, amma ya gane cewa na mosasaur ne, wato katon ƙadangaren teku, dangin damo da guza da maciji. Ya kira shi Mosasaurus nigeriensis.

Shekara arba'in ana nan a haka, har masanan Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka tono ƙoƙon kai a yankin Goronyo. Kan ya rikita lissafi. Baki dogo siriri, idanu ƙanana, haƙora kuwa suna shiga tsakanin juna kamar na kada. Ni kaina da na gan shi a bakin gulbin Ka, kada zan ce. A 1972 suka raɗa masa sabon suna, Goronyosaurus, suka kuma ware masa zuriya tasa shi kaɗai.

Sai dai nauyin ƙasa ya murƙushe kan tun kafin a tono shi. Wani masani, Theagarten Lingham-Soliar, ya sake bin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya a 1988, ya nuna cewa wasu abubuwan mamakin da aka gani murƙushewar ce ta jawo su. Ya rushe waccan zuriya, ya kai dabbar gidan wani mosasaur mai suna Tylosaurus. Nan ma ba ta zauna daram ba, don babu ɗan'uwa na kusa da za a jera ta da shi.

'Yan'uwan daga ramukan takin fosfat na Maroko suka fito: Gavialimimus mai dogon baki a 2020, sai Khinjaria a 2024. Da aka gwada siffofin kawunansu, Goronyosaurus ya faɗa cikin reshen mosasaur da ake kira Plioplatecarpinae, kafaɗa da kafaɗa da su da Selmasaurus na Alabama ta Amurka. Kama da kada kuwa ta yanayin farauta ce, ba ta jini ba.

Ƙoƙon kan yana ajiye a Italiya. Ina matuƙar son a ce ko kwafinsa ne an kawo Sakkwato, yaran Gummi su je su taɓa haƙoran da hannunsu.