Me Ya Sa Mutum Ya Ƙetare Iyaka?

Bari mu ɗauki misalin ɗan kasuwa na Lolo ko Tsamiya, cikin ƙasar Bagudo, wanda bai daina shigo da shinkafa daga Benin ba, ko da Gwamnati ta rufe iyaka a watan Agusta 2019 har Disamba 2020. Me ya sa shi?

Masu binciken ƙwaƙwalwa suna da tasu amsa. A 1997 Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗansu ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwar biri sukan motsa in ya sami lada fiye da yadda ya zata. Watau, in ji masu bin wannan hanya, son riba cikin ka yake.

To, ba mu musa ba. Amma ai irin ƙwayoyin nan suna cikin kan malamin Zariya ma, shi kuwa bai taɓa saɓa buhu ba. Abin da kowa ke da shi ba ya isa ya bayyana abin da waɗansu kaɗai ke yi. Lalle sai mun duba farashi, gama shinkafar ta fi araha a can. Sa'an nan mu duba tarihi: Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar Borgu a 1898, dangi suka zama rabi nan, rabi can, hanyoyinsu kuwa sun girmi iyakar.

Man fetur ya ƙara nuna mana wannan. Da aka janye tallafinsa a Mayu 2023, ribar kai shi Benin ta ragu ƙwarai, alhali ƙwaƙwalwar mutanen Bagudo tana nan yadda take.