Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Manhaja: Lissafin Mai Shagon Hoto a Mafara

Ranar Talata idan kasuwar Mafara ta cika, ba masu hatsi da 'yan tireda ne kaɗai ke ciniki ba. Shagunan hoto da na buga takardu su ma ranarsu ce. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau yana son hoton fasfo mai farin baya, ƙanin ango daga Bakura ya zo karɓar kalanda da katin ɗaurin aure, wani daga Maradun ya kawo tsohon hoton mahaifinsa da ruwa ya ɓata a gyara masa. Akasarin wannan aiki a kan kwamfutocin gwanjo ake yin sa, HP ko Dell da suka gama bautar ofis a Turai da Amurka kafin su iso nan, ɗauke da Photoshop da CorelDRAW waɗanda wasunsu sun girmi yaron shagon. Ko ba daɗe ko ba jima, sai wani ya leƙa allon ya ce wa mai shago, “Haba maigida, har yanzu wannan kake amfani da ita? Ai an wuce nan.” Daga nan wasiwasi ya shiga. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu irin waɗannan shaguna, ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwar kwamfuta asara ce. Aiki ne ya kamata ya tilasta canji, ba sabuwar lambar da kamfani ya liƙa wa hajarsa ba.

Mu fara da ƙarfen kansa. Photoshop CS6 da ta fito a 2012 tana iya tashi da ram gigabayit 1 kacal. Ta yau, kamfanin Adobe ya ce mafi ƙaranci gigabayit 8, kuma 16 yake ba da shawara, ban da katin sarrafa hoto mai ƙarfi da wuri mai yawa a ma'ajiyar kwamfuta. Tun fitowar ƙarshen 2020 ta daina hawa Windows 7. Na baya-bayan nan kuma suna neman wata fasaha a ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna AVX2, wadda Intel bai fara sa ta ba sai a zubi na huɗu, a 2013. Ma'ana, EliteBook 8470p ko Latitude E6430, 'yan zubi na uku da suka cika kasuwar gwanjo, ko an ƙara musu ram ba za su ɗauka ba. Wadda ta ɗauka da ƙyar kuwa, ga yadda take kasancewa: a danna buɗe hoto, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, fanka ta kama kuka, a ja burushi a kan kumatun amarya sai bayan daƙiƙa biyu layin ya biyo hannu. Kwastoma na tsaye yana duba agogo saboda motar Bakura za ta tashi, janareto na shan fetur a waje. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowane minti da injin ke ruri kuɗi ne. Jaki ne aka labta wa kayan raƙumi. Ba zai ƙi tafiya ba, amma kasuwa za ta watse bai iso ba.

Sai batun kuɗi, wanda masu cewa a sabunta ba su cika son a taɓo ba. CS6 ce ta ƙarshe da ake saya sau ɗaya a mallaka. A watan Mayun 2013 Adobe ya sanar cewa daga nan sai haya, wata-wata ko shekara-shekara. A farashin Amurka, Photoshop ita kaɗai ta haura dala 20 a wata. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, don haka hayar wata guda ta tasam ma rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a shekarar. Mai shago ya zauna ya ƙirga fasfo nawa zai ɗauka kafin ya haɗa wannan, bayan ya cire kuɗin takarda da tawada da mai da hayar shago da ɗan abin da zai sallami yaro. Kuma haya ba ta san damina ba, lokacin da mutane ke gona kuma biki ya yi ƙaranci. Watan da ba ka biya ba, manhajar ta rufe, aikin da ka yi da hannunka yana nan a ajiye amma ba ka da abin gyara shi.

Akwai wata hujja da mutumin Legas zai iya ɗauka da wasa, amma Bazamfare ba zai manta ba. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba da umarnin katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa don kiran waya guda. Manhajar haya dole ta riƙa leƙa intanet tana tabbatar da cewa an biya. Ƙa'idar Adobe ita ce mai biyan wata-wata yana da kwana 30 ba intanet, mai na shekara kwana 99. Da a ce mai hoto a Maradun yana kan tsarin wata-wata a lokacin, da tun tsakiyar katsewar kayan aikinsa sun kulle. Maƙwabcinsa mai tsohuwar CS6 ko CorelDRAW X7 kuwa, in dai akwai wuta, fasfo da kalanda ba su tsaya ba. A yankin da sabis ke ɗaukewa ko ba umarnin kowa, kayan aikin da ba ya neman izini daga wata ƙasa kafin ya buɗe yana da darajar da ba a rubuta ta a jikin kwali.

To me aikin yau da kullum yake buƙata? Yanke hoto daidai girman fasfo, sauya baya, daidaita haske, goge ƙurji, jera guda takwas a takarda ɗaya, rubuta sunan ango da amarya da adon zinariya. Burushin da ke shafe tabo yana cikin Photoshop tun ta 7 a 2002. Dabarar cire abu daga hoto ta cike gurbin da kanta ta zo da CS5 a 2010. Wanda hannunsa ya faɗa da waɗannan, yatsunsa sun haddace madannai, kafin kwastoma ya gama gyara hularsa an cire baya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan maganar ba ta ado ba ce: sabuwar manhaja tana sauya wurin abubuwa, sai gwani ya koma ɗan koyo na wasu makonni, a daidai lokacin da yake biyan haya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce ƙirƙirarriyar basira. Tun 2023 Photoshop ke da dabarar da za ka rubuta abin da kake so ta zana maka shi cikin hoto, kuma kwastomomi sun gani a waya, suna so. Gaskiya ne. Sai dai wannan aikin ba a cikin kwamfutarka ake yin sa ba. Tura hoton ake yi zuwa manyan na'urorin kamfanin, su sarrafa su dawo da shi, wato data da sabis mai ƙarfi. In haka ne, wayar da ke aljihun mai shago ta isa: a cire baya ko a wanke dusasshen hoto da Canva ko Remini, a turo kwamfuta a ƙarasa. Abin kiyayewa ɗaya ne, a turo shi a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. A gefe guda kuma, irin wannan wankin yakan sauya kamannin mutum. Wanda ya kawo hoton marigayi mahaifinsa fuskar mahaifinsa yake so, ba ta wani kyakkyawan baƙo ba, kuma nan ne haƙurin hannu ya fi na'ura.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce fayil ɗin da ya ƙi buɗewa. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda tsohuwar Photoshop ba ta san shi ba. Hotunan WebP da ake saukewa daga intanet sai 2022 Photoshop ta fara buɗe su da kanta. Adobe ya daina ƙara wa CS6 sanin ɗanyen hoton sababbin kyamarori tun 2015. CorelDRAW kuma tsohuwa ba ta buɗe aikin sabuwa. Duk wannan haka yake, amma kowanne yana da magani mai araha. Ana iya saita iPhone ta riƙa ɗauka a JPEG. Mai sabuwar CorelDRAW yana da zaɓin ajiye aiki a tsohon zubi, magana ɗaya ce a waya. Mai tura aiki maɗaba'a a Gusau ko Sakkwato ko Kano, PDF ya wadatar, ya ma fi aminci don rubutu ba ya wargajewa. Ga kuma GIMP, kyauta ce halak malak, ta 3 ta fito a Maris 2025, tsohuwarta 2.10 kuma tana hawa Windows 7. Photopea a burauza take aiki, tana buɗe fayilolin Photoshop. Ƙofa ɗaya da ta cije ba ta isa a rushe ɗaki ba.

Ta uku ita ce tsaro, kuma nan na yarda da su fiye da rabi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma janye tallafin yau da kullum daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. Chrome ma ta tsaya cak a Windows 7 tun farkon 2023. Shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar NECO, yana riƙe lambobin NIN na mutane, yana shiga banki, bai kamata ya yi hakan a kan irin wannan kwamfuta ba. Amanar mutane ce. Amma a lura, wannan hujja ce ta raba aiki, ba ta sabunta Photoshop ba. Tsohuwar kwamfuta ta zauna ba intanet tana gyaran hoto, a nemi wata ta aikin yanar gizo, a kuma daina cusa mata filashar duk wanda ya shigo.

Saura maganar da ake yi ƙasa-ƙasa: “Ai ba saya muke yi ba, a kan 'yan kuɗi kaɗan za a ɗora maka ta bana.” Kowa ya san yawancin abin da ke yawo a filasha fasasshe ne. Ban da haƙƙin masu shi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, fasa manhaja ba ya rage mata nauyi ko kaɗan, abubuwan da ke buƙatar intanet ba za su yi aiki ba, kuma sharaɗin farko da mai ɗorawa zai gindaya shi ne a kashe rigakafin bairos. Wanda ya yi haka a kwamfutar da ke ɗauke da hotunan matan aure da amaren gari, ya buɗe ƙofar da bai san mai shigowa ba. Hoton biki ɗaya ya fita inda bai dace ba, a gari irin Bakura inda kowa ya san kowa, shagon ya gama yawo.

In akwai 'yan kuɗi a hannu, ga inda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. A cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD. Babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa. A kai ram gigabayit 8. A ba mai gyara ya buɗe ta ya kakkaɓe ƙurar hunturu, domin a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kwamfutar da iska ba ta ratsa ta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, mai ita yana zargin manhaja. A sayi ma'ajiya ta waje a riƙa kwafe aikin mutane. Abin da ya saura a tara na batir da sola.

Akwai waɗanda sabuntawa ta zama musu dole, kuma sun san kansu. Wanda ya sayi sabuwar kyamara yana ɗaukar manyan bukukuwa da bidiyo, da ɗalibin da ke shirin neman aiki inda za a gwada shi da kayan zamani, da mai harin kwangilar siyasa. Kada a manta, waɗannan garuruwa uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Inda siyasa ke da zafi haka, kakar zaɓe kakar fosta da manyan alluna ce, kuma babban allo yana cin ram ba kaɗan ba. To ko su ɗin, kwamfuta za su fara canzawa kafin manhaja, su kuma bar tsohuwar a kan teburinta har sai sabuwar ta yi wata guda tana aiki ba tangarɗa.

Kai kuwa mai shago da fasfo da kalanda da katin biki ke riƙe da kai, kafin ka ba kowa kwamfutarka ya ɗora mata wani abu, ɗauki littafin cinikinka ka duba wata uku da suka wuce. Ƙirga ayyukan da ka mayar saboda manhajarka ta gaza, ba don an ɗauke wuta ko tawada ta ƙare ba. In kuɗinsu bai kai hayar wata ukun ba, bar ta yadda take, ka je ka sayo SSD.