Ziyarar Gidan Zoo na Audu Bako

Gidan Zoo da ke birnin Kano yana daga cikin tsofaffin wuraren shaƙatawa a Arewacin Nijeriya. An kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da Dutse da Kiyawa suke cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Don haka gado ne na al'ummar jihohin biyu.

Wurin yakan cika maƙil lokacin bukukuwan Sallah. Ana kira ga iyaye da su sa ido a kan 'ya'yansu, su hana su kusantar keji ko miƙa wa dabbobi abinci. Kuɓucewar wani zaki daga kejinsa a 2019 ta isa darasi.