Intanet Ta Zo Kudancin Kano, Amma Ba Ta Zo da Adireshi Ba

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tiga, daga Tudun Wada a ratsa dajin Falgore har Riruwai, kusan duk mai shiga intanet ta iska yake shiga. Layin waya ne, da turken sadarwa, da datar da ya saya. Mai POS a Kiru yana tura kuɗi, ɗalibi a Bebeji yana duba sakamakon jarrabawa, manomi yana aika hoton masararsa ga dillali a Dawanau. Duk wannan alheri ne. Sai dai akwai abu guda da yawancinsu ba su da shi, kuma ba su san ba su da shi ba: adireshin kansu a intanet, wanda wani zai iya nemansu da shi daga waje.

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana buƙatar lamba, wadda ake kira adireshin IP. Tsarin da aka rubuta a 1981, wato IPv4, ya tanadi lambobi kusan biliyan 4.3. A lokacin an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba, don haka aka yi ta rabo hannu sake. Kamfanin Apple shi kaɗai ya samu sama da miliyan 16, haka ma kamfanin motoci na Ford. Afirka kuwa ba ta samu hukumar rabon adireshi ta kanta ba sai a 2005, lokacin da aka amince da AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Murushus. Abin da ya shigo hannunta gaba ɗaya miliyan ɗari ne da ɗoriya, ga nahiya mai mutane sama da biliyan guda. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, babban rumbun adireshi na duniya ya raba abin da ya rage masa, ya kakkaɓe hannu.

Domin a gane abin da muka rasa, sai an leƙa yadda wasu ƙasashe suka shigar da intanet gidaje. A Turai da Amurka, tun ƙarshen shekarun 1990, sun yi amfani da tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe da ke shiga kowane gida. Fasahar ana kiranta DSL. Murya na tafiya a ƙananan zangon waya, bayanai na bi ta manyan zango, a kan igiya ɗaya. A gidan mutum akwai modem, a ofishin tarho kuma akwai babbar na'urar da ke tattara layukan unguwa. A nan ne injiniyoyi suka yi ta fama da wata tambaya da har yau ba ta tsufa ba: ta yaya za a miƙa wa mai saye adireshi, musamman idan yana son fiye da ɗaya?

Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da modem gada kawai. Ba ya tunani, ba ya zaɓe, duk abin da ya shigo ta wannan gefe sai ya wuce da shi wancan. Kwamfutar mai saye sai ta zama kamar an jona ta kai tsaye da na'urar kamfani, tare da na sauran maƙwabta. Sauƙi ne, amma yana da aibi. Kafin na'urar kamfani ta miƙa saƙo, sai ta yi shela tana tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, kuma idan ba a yi katanga tsakanin layuka ba, wani zai iya amsawa da ƙarya, ya karɓe adireshin maƙwabcinsa ko ya leƙa saƙonninsa. Idan kuma aka ce kowane mai saye a ware masa nasa ɓangaren don a huta, sai asara ta shigo. Ƙaramin ɓangare mai adireshi 4, ɗaya ne kawai ke amfanar mai saye: ɗaya sunan ɓangaren ne, ɗaya na shela ne, ɗaya na ƙofar kamfani. Mai adireshi 8 kuwa, 5 suke saura.

Ɗaya hanyar ta fi tsabta. Mai saye ya sa rauta, wato na'urar da ke rarraba saƙonni tsakanin na'urorin gida, a bayan modem, kamfani ya ba rautar adireshi guda, sannan ya rubuta a teburinsa cewa duk saƙon da aka aiko wa wannan rukunin adireshi, a miƙa shi ga rautar wane. Daga nan ruwan mai gida ne ya raba yadda ya ga dama: wannan na sabar ofis, wancan na kyamara. Kamfani ba ya buƙatar sanin na'urori nawa ne a ciki. Daga baya, a 1999, aka fito da tsarin PPPoE, inda rauta ke gabatar da suna da kalmar sirri, kamfani ya gane ta, ya liƙa mata rukuninta nan take. Masu jan igiyar faiba da masu sayar da intanet ta rediyo a biranenmu da yawansu har yanzu da shi suke aiki.

Najeriya ta tsallake wannan zango kusan gaba ɗaya. NITEL mai kula da tarho, wadda aka kafa a 1985, ta shiga shekarar 2001 da layukan da ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu a manyan birane. Wanda ya tuna lambar 064 ta Kano ya san irin gatan da tarho yake a gida a wancan zamani. Ga shi kuma DSL ba ta jure nisa: da an wuce kilomita biyar ko makamancin haka daga ofishin tarho, sai ƙarfinta ya zube. Ko da NITEL ta yi lafiya, ƙauyukan Doguwa da suka warwatsu tsakanin duwatsu ba za su amfana ba. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki, Glo ta biyo a 2003, NITEL ta yi ta sauya hannu har aka sayar da kadarorinta ga NATCOM a 2015. Wayar jan ƙarfe ta mutu kafin ta iso mana.

Kamfanonin salula sun tarar da miliyoyin masu saye da adireshi 'yan kaɗan, sai suka yi dabarar da ake kira CGNAT. Wayarka tana samun adireshin cikin gida, irin mai farawa da 10 ko 100.64, wanda ba a san shi a waje ba, sai a haɗa ka da ɗimbin jama'a ku fita da adireshi ɗaya. Kamar babban gida ne mai zaure guda: duk wanda ya aika yaro, mai tsaron zaure ya san ɗakin da zai mayar da amsa, amma baƙon da ya yi sallama ba tare da an kira shi ba, babu wanda zai ce masa shigo.

Shi ya sa POS ke aiki lafiya, domin ita ke fara magana. Amma mai shagon taki a Tudun Wada da ya sa kyamara yana so ya duba ta daga Kano, sai hoton ya bi ta sabar wani kamfani a wata ƙasa, ya dawo. Asibitin da ke son likita a birni ya buɗe bayanan marasa lafiya kai tsaye daga kwamfutarsa, sai ya yi hayar wuri a waje ko ya biya kuɗin adireshi na musamman. Idan wani ɓata-gari ya yi ɓarna da adireshin da kuke tarayya, shafin da ya toshe shi ya toshe ku duka. Masu rubutu a Wikipedia daga Afirka ta Yamma, ciki har da masu rubuta ta Hausa, sun daɗe suna kuka da irin wannan toshewar. Ko Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙaramin tsarinta na gida a bayan irin wannan zauren yake ajiye mutum idan ana batun IPv4.

Adireshin kuwa ya zama haja. Tun Fabrairun 2024 Amazon ke cajin masu hayar sabarta kuɗi a kan kowane adireshin IPv4, abin da ya haura dala 40 a shekara. Inda akwai kuɗi akwai rigima: a 2019 aka bankaɗo yadda aka karkatar da miliyoyin adireshin Afirka, daga 2021 AFRINIC ta shiga shari'a da kamfanin Cloud Innovation, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Abin takaici ne a ce ɗan abin da nahiyar ta samu ma bai tsira ba.

Maganin ya daɗe a ajiye. IPv6, wanda aka tsara tun shekarun 1990 aka kuma ƙaddamar da shi gadan-gadan ranar 6 ga Yuni, 2012, yana da adireshin da ba za su ƙare ba, kuma an gina shi ne a kan waccan hanya ta biyu: ba a ba gida adireshi ɗaya, rukuni ake miƙa wa rautarsa. A ganina nan ne ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su sa ido. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000. Duk ranar da igiyar ta iso sakatariya, ko babban asibiti, ko makarantar sakandare, tambayar kada ta tsaya a kan gudu da farashi. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa kamfani zai ba da IPv6, da rukuni tsayayye wanda ba ya canzawa duk lokacin da wuta ta ɗauke, a miƙa shi ga rautar da ke hannun ma'aikatar. Rukunin da ake kira /56, wanda kamfanoni da yawa a duniya ke ba gida guda ba tare da ƙarin kuɗi ba, yana rabuwa gida 256. Ya ishi asibiti ya ware na ɗakin magani, na ɗakin gwaji, na kyamarori da na masu jinya, kowanne da katangarsa.