Hoton Ƙwaƙwalwa ta WhatsApp: Abin da Waya Ke Ɓatarwa

A cikin birnin Zazzau, da an dawo daga asibitin koyarwa na Shika da fim ɗin hoton ƙwaƙwalwa, sai a ɗauke shi da waya a tura wa likita ta WhatsApp. Amma MRI kan fitar da ɗaruruwan hotuna, fim kaɗan yake ɗauka, WhatsApp kuma ya matse su.

Cutar Moyamoya, wadda likitocin Japan suka raɗa wa suna a 1969, tana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, takan kuma kama wasu yara masu sikila har ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Alamarta siraran jijiyoyi ne kamar hayaƙi, masu saurin ɓacewa a hoton waya.

Don haka a nemi faifan CD mai fayilolin DICOM, a tura su yadda suke.