Abin da ya sa likitan soja ke duba bakin mai neman shiga aiki

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sabbin sojoji, wayoyin ma'aikatan Abuja ba sa hutawa. 'Yan uwa daga gida na neman a sa baki, matasa kuwa suna ta atisayen gudu da awon tsayi. Da wuya ka ji wanda ya tuna da haƙori, alhali likitocin tantancewa kan buɗe baki su duba kafin matashi ya kai ga sansanin horo na Zariya ko makarantar NDA da ke Kaduna.

Lamarin ba na ado ba ne, kuma ya daɗe. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da haƙoran gaba soja ke yage takardar da aka ƙunshe albarushi a ciki, saboda haka mai giɓi a gaba ba ya samun shiga. Birtaniya kuwa ta ji jiki a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, inda dakaru masu yawa suka kasa tauna busasshen abincin fagen daga, har aka mayar da wasu gida. A 1921 ta kafa sashen likitocin haƙori na rundunarta. Da Amurka ta fara ɗaukar matasa gab da shigarta yaƙin duniya na biyu, ta shardanta haƙora shida a sama da ke haɗuwa da shida a ƙasa. Waɗanda suka faɗi sun yi yawa, har ta sassauta sharaɗin ta koma gyara bakin dakarun da kanta.

A yau rundunar Amurka tana kasa dakarunta aji huɗu. Wanda ake hasashen ciwon haƙori zai tayar masa cikin wata 12 yana aji na uku, kuma ba a tura shi bakin daga sai an yi masa magani. Hujjar ta fi ƙarfi a nan gida. Sojan da dasashinsa ya kumbura a wani sansani na gaɓar Tafkin Chadi ba zai iya ci ko barci ba, kuma kai shi asibiti na nufin fitar da mota da 'yan rakiya a kan hanyar da ake dasa nakiyoyi. Matuƙin jirgin yaƙi da mai ninƙaya a ƙarƙashin teku suna da tasu matsalar: sauyin nauyin iska kan tayar da zafi mai tsanani a haƙorin da ke da kogo.

Akasarin abin da likita zai gani ana iya gyara shi tun da wuri: a cike kogo, a wanke dattin da ya daskare, a cire wanda ya ruɓe, a bar wurin ya warke. Takardar alfarma daga ofishin wani babba ba ta yin ko ɗaya daga ciki.

Akwai kuma batun lokaci ga ma'aikacin tarayya. Inshorar lafiya ta NHIA tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma daga shekara 18 ne ake fara karɓar kurtu. Uban da ya jira sai an buɗe shafi kafin ya kai ɗansa wurin likitan haƙori, daga aljihunsa zai biya.