Sauya Akwatin Talabijin A Cikin Motar Da Ta Zama Gida

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wata irin mota babba wadda aka shirya cikinta kamar ɗakin zama, watau da gado da wurin girki da makewayi da kujeru, har mutum zai iya kwasar iyalinsa su yi makonni a kan hanya ba tare da sun kama ɗaki a masauki ba. Garin Elkhart na jihar Indiyana shi ne ya fi suna wajen ƙera irin waɗannan motoci, sa'an nan kamfanin Winnebago na jihar Ayowa, wanda ya fito da motarsa ta farko irin wannan a 1966, ya yi fice har wasu Amurkawa kan kira kowace motar gida da sunansa.

Da yake mota ce mai tsada, ba a saurin rabuwa da ita. Saboda haka har yanzu ana samun waɗanda aka ƙera wajen 1995 ko 2000 suna yawo a kan titi, da tsohon talabijin ɗinsu mai ƙusumbi a cikin kabad, sau da yawa a saman gilashin gaba, daidai bisa kan direba. Sauya wannan akwati da shafaffen talabijin irin na yanzu ya zama aikin da kusan duk mai tsohuwar motar gida yakan fuskanta. A ido aikin mai sauƙi ne, amma wanda ya ɗauke shi kamar rataya talabijin a bangon falo, to yana iya jefa kansa da iyalinsa cikin haɗari.

Dalilin Sauyawa

Abin da ya tilasta wa mutane sauyawa shi ne canjin hanyar watsa shirye-shirye. A ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin Amurka suka daina watsawa ta tsohuwar hanya suka koma ta dijital, Birtaniya kuwa ta kammala nata sauyin a watan Oktoba na 2012. Tun daga nan tsohon akwati ba ya kama kome ta eriya sai an haɗa masa wata ƙaramar na'ura mai fassara saƙon. Har wa yau masana'antu sun bar ƙera irinsa; kamfanin Sony ma ya daina yin shahararren Trinitron ɗinsa a 2008. Sai kuma batun nauyi. Tsohon akwati mai inci 20 yakan kai kusan kilo 20, alhali shafaffe mai inci 24 da wuya ya wuce kilo 4. Motar gida kuwa tana da iyakar nauyin da doka ta yarda ta ɗauka, don haka duk kilon da aka rage riba ce.

Awo Kafin Ciniki

Kuskuren farko da akan yi shi ne a tafi kanti da lambar incin tsohon akwati kaɗai. Ana auna fuskar talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, amma siffar tsoho da ta sabo ba ɗaya ba ce. Tsohon yana da faɗi kashi 4 da tsayi kashi 3, sabon kuwa faɗi 16 da tsayi 9. Alal misali, fuskar tsoho mai inci 20 faɗinta inci 16 ne, tsayinta 12. Wanda yake son hoto mai tsayi kusan haka a sabon akwati sai ya sayi mai inci 24, wanda faɗin fuskarsa ya kusa inci 21, ban da bakin roba da ya kewaye ta. Ke nan ramin kabad ɗin ba zai ɗauke shi ba. Idan kuma ya zaɓi mai inci 19 don ya shige ramin, tsayin hotonsa bai kai inci 10 ba, ga kuma fili zai saura a sama da ƙasa.

Hanya biyu ce ta rage. Ko dai a sayi ƙaramin a toshe filin da katako, ko kuwa a rufe bakin ramin duka da allo mai ƙarfi a maƙala babban a kansa daga waje. Masu dabara sukan sa wa allon fata kamar ƙofa, sai zurfin da ƙusumbin tsohon akwati ya bari ya zama ma'ajiya. Amma kafin a yanke shawara wajibi ne a duba cewa sabon ba zai tare ƙofar wani kabad ba, ba zai kuma sauko ya rage wa direba ganin hanya ba. Ya kamata a tuna kuma cewa daga ƙasa za a riƙa kallonsa, wasu shafaffun akwatuna masu araha kuwa hotonsu yakan dushe idan an kalle su daga ƙasa. Gwada shi a kanti ta hanyar durƙusawa a gabansa ya fi dogara ga abin da aka rubuta a jikin kwali.

Batun Wuta

Motar gida tana da wuta iri biyu. Akwai ta batir mai ƙarfin bolt 12, akwai kuma irin ta gidaje, wadda ake samu idan an jona motar a zangon matafiya ko an tada janareto: bolt 120 a Amurka, 230 a Turai. Wanda kullum a zango mai lantarki yake kwana, talabijin na gida ya ishe shi, kuma ya fi araha. Wanda yake kwana a daji ko bakin tafki kuwa, dole ya yi lissafi. Akwati mai cin wat 24 a kan bolt 12 yana jan amfiya 2, watau kallon awa huɗu zai cinye 8 daga cikin batir mai ɗaukar 100. Batir na darma kuma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don yin haka yana rage masa kwana, ga shi da shi ne fitilu da famfon ruwa suke aiki.

Ana iya amfani da inbata a mai da wutar batir irin ta gida, sai dai wani kaso yakan salwanta ya zama zafi a cikin na'urar, tana kuma cin wuta ko da talabijin yana kashe. Shi ya sa ake ƙera akwatuna na musamman masu aiki kai tsaye da batir. Abin lura a nan shi ne wutar batir ba ta tsayawa cak a kan 12. Lokacin caji takan haura 14, in ya yi sanyi kuma ta faɗi ƙasa da 12. Akwatin da aka yi domin mota yana jure wannan hawa da sauka, amma na gida da aka yanke wayarsa aka jona kai tsaye yana iya ƙonewa. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a sa fis kusa da inda wayar ta taso, domin gobara a ɗakin katako da soso mai ɗauke da tukunyar gas ba ta jiran kowa.

Maƙalawa

Nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa. Bangon motar gida ba tubali ba ne: siririn katako ne na 'yan milimita, bayansa soso, sai ƙashin alminiyam ko na itace jefi-jefi, sai fatar waje. Kusar da aka ɗaura a siririn katakon kaɗai za ta riƙe akwatin muddin mota tana tsaye, amma girgizar hanya za ta yi ta faɗaɗa ramin a hankali har ranar da za a taka birki da ƙarfi. A karon da ya fizgi kaya da ƙarfin da ya ninka nauyinsu sau 20, akwati mai kilo 4 zai ja maƙalinsa kamar kilo 80, kuma gaba zai nufa, inda mutane suke zaune.

Don haka sai a nemi ƙashin bangon, ko wurin da maƙera suka ɓoye faranti domin wannan aiki, wanda wasu sukan yi wa alama da 'yar takarda. A cikin kabad kuwa gara a huda katako mai kauri a zura ƙarfe mai zare, a ɗaure shi ta baya da noti da washa mai faɗi. A auna tsawon kowace kusa, domin wadda ta zarce tana iya huda waya ko bututun ruwa, ko ta ɓulla waje ta buɗe wa ruwan sama hanya, ruwa kuwa shi ne babban abin da yake ruɓar da irin waɗannan motoci.

Ramuka huɗu da suke bayan talabijin suna bin ma'aunin wata ƙungiyar masana'antu da ake kira VESA. A ƙananan akwatuna tazararsu milimita 75 ce ko 100, sai a tabbata maƙalin da aka saya ya dace da ita. Maƙali mai hannu da ake iya juyawa yana da daɗin kallo, amma lalle ya kasance mai kulle kansa, ko a ƙara masa ɗamara, in ba haka ba zai yi ta lilo a kowace kwana har ya karye.

Doka Da Eriya

Doka ma tana da magana. A Birtaniya ƙa'ida ta 109 ta dokokin ƙira da amfani da motoci na 1986 ta hana tuƙi alhali direba yana iya ganin hoton talabijin, jihar Kalifoniya ma tana da irin wannan hani. Saboda haka maƙera sukan sa wata na'ura mai yanke wutar soket ɗin gaba da zarar an murɗa makullin mota. Wasu sukan tsallake ta lokacin sauya akwati, suna zaton lalacewa ta yi, alhali aikinta take yi.

Eriyar da take bisa rufi ba ta bukatar sauyawa, domin tana kama saƙon dijital kamar yadda ta kama na da. Akwai dai maɓallin ƙara mata ƙarfi a bango, wanda ake kunnawa in ana kamawa ta iska, a kashe in an jona wayar zango. Duk garin da aka sauka sai an sake laluben tashoshi, a kuma kwantar da eriyar kafin a tashi. Tsarin dijital na Amurka, ATSC, ya bambanta da DVB na Turai wanda Nijeriya ma ta zaɓa, don haka akwatin da aka sayo daga Amurka ba zai kama tashoshin nan ta eriya ba sai da ƙarin na'ura.

Saura tsohon akwatin da aka sauke. Gilashinsa yana ɗauke da darma mai yawa, cikinsa kuma yana iya riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare fulogi, saboda haka mutum biyu ya kamata su sauke shi, kada a buɗe shi, kada a fasa. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta ƙayyade fitar da shara mai guba zuwa wasu ƙasashe, amma duk da haka ɗimbin tsofaffin akwatunan Turai sun ƙare a Legas da Akara, inda matasa suka riƙa ƙona wayoyinsu don neman tagulla. Mai motar da ya kai nasa wurin da hukuma ta tanada don sarrafa irin wannan shara, shi ne ya kammala aikin yadda ya kamata.